Ƙusoshi Huɗu a Bayan Kafinta

Shekarar da na dawo Sakkwato daga koyon aikin ƙashin baya, abu biyu na dawo da su: kwamfutar laftof da girman kai. Kwamfutar takan mutu bayan awa biyu, girman kan kuwa ba ya neman caji. Duk wanda ya shigo ɗakin da nake ganin marasa lafiya, ko ciwon wuya ya kawo, sai na buɗe ta, na juya masa fuskarta, na shiga nuna masa gaɓoɓin bayansa da bakin biro. Babbar nas ɗinmu, wadda kowa ke kira Sista, 'yar Kudancin Kaduna ce, amma ta daɗe a Sakkwato har bakinta ya fi nawa Sakkwatanci. Da ta ga na zuge jaka sai ta ce, "To, Malam ya ɗauko allonai, kowa shi gyara zama." Ina jin haushi, amma ban taɓa fasawa ba.

A cikin wannan zamani ne wani dattijo daga Runjin Sambo ya zo, 'yarsa malamar firamare tana biye da shi. Dogo ne, ramamme, hannuwansa duk kanta. Ciwo yana tasowa daga ƙugunsa ya gangara ƙafar hagu, in ya yi 'yar tafiya sai ya nemi wurin zama. Hoton da aka ɗauka ya nuna gaɓa ɗaya ta ƙashin bayansa ta zame gaba, ta danne jijiyar da ke tafiya ƙafa. In aka bar ta haka, ƙafar za ta yi ta mutuwa a hankali. Aikin kuwa irin wanda na je na koyo ne, har ina jin hannuna yana ƙaiƙayi.

Na buɗe allona, na yi masa karatu mai tsawo. Na ce za mu buɗe bayan, mu ɗage abin da ya danne jijiyar, sannan mu sa ƙusoshi huɗu da sanduna biyu su riƙe gaɓar kada ta sake zamewa. Tun da na fara yake kallon kwamfutar cikin ladabi, irin kallon da ake yi wa jaririn maƙwabta. Da na zo kan ƙusoshi sai ya ɗauke ido.

"Ƙusa, Likita?"

"Ƙusa, Baba. Huɗu kacal."

"To. Sai na yi shawara."

Ni ɗan garin nan ne, na san in dattijo ya ce sai ya yi shawara, ya riga ya gama shawarar. Bayan mako uku 'yarsa ta sake jawo shi. Na sake buɗe kwamfuta, na sake karatun, har na ƙara masa da hoton wani bayan da na yi wa aiki, an rufe sunan mai shi. A irin hoton nan ƙarfen fari fat yake fitowa, dogo, kamar an soka tsinke a tuwo. Ya duba, ya ce Allah shi saka da alheri, ya miƙe. Raina ya ɓaci. Da suka fita na ce wa Sista na rantse wurin mai ɗori zai koma, a yi ta shafa masa man shanu. Ta ce, "Kai dai ka cika son a ce ma to." Na yi kamar ban ji ba.

Zuwa na uku, a keke-napep aka kawo shi har bakin ƙofa, mutum biyu suka riƙo shi. Ƙafar hagu ta daina ɗaga kanta, in ya taka sai ta faɗi ƙasa ɗaf. Na ji tsoro, tsoron kuma ya fito mini a siffar faɗa, kamar yadda ya saba. Na fizgo kwamfuta ina neman hotonsa don in nuna masa ɓarnar da ya yi wa kansa.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya game da cikin kwamfutar nan. A ɗakin tiyata ba na yarda almakashi ɗaya ya kauce daga wurinsa, amma cikin kwamfutata ya fi kasuwar 'yan gwanjo hargitsi. Akwai jaka mai suna "sabo", akwai "sabo na biyu", akwai "sabo na gaske". Cikin fushi na danna wadda ba ita ba. Maimakon bayan dattijo, sai ga wani darasi da na taɓa shirya wa ƙananan likitoci, shafin farko kuwa hoton ƙarfen ne shi kaɗai, ya cika fuskar kwamfutar, ana ganin zaren da ya naɗe jikinsa tun daga wuya har tsini.

Na kai hannu zan rufe, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Dattijon ne. Ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin.

"Likita, wanga mi na?"

"Ita ta ƙusar da nic ce ma, Baba."

Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda ya sa riga a bai-bai ya fito taro.

"Wagga ba ƙusa ta ba. Sukuru na. Ƙusa bugunta aka yi da guduma, wanga ko murɗa shi aka yi. Shekara arba'in ina ɗaura ruhin kwano garin ga, na san abin da ƙusa ka yi ma busasshen katako, tsaga shi taka yi. Kac ce ƙusa huɗu, ni ko na san bayana ya bushe."

Na jawo katinsa. A layi na huɗu, inda ake rubuta sana'a, ga shi nan ɓaro-ɓaro: kafinta. Sau uku katin nan yana zuwa gabana, idona yana kan allo. Wato duk makonnin nan bawan Allah yana kwana yana tashi da hoton ni tsaye a kansa da guduma. Sista ta juya baya tana gyara auduga da ba ta buƙatar gyara, kafaɗunta suna rawa.

Daga nan jarrabawa ta juye. Ya gyara zama, ciwon ma kamar ya ba shi hutu.

"Kuna hudawa kahin ku murɗa?"

"Muna hudawa, Baba."

"Ramin ya hi sukurun ƙanƙanta?"

"Ya hi shi, kaɗan."

"In kun ishe ƙashin ya yi taushi hwa, awa katakon da gara tac ci?"

Na ce akwai wani siminti na musamman da muke zubawa ya kama. Ya jinjina kai a hankali.

"To, wanda yak koya muku ya san aiki. A kawo takardar in sa hannu."

Na ci jarrabawa da yawa a rayuwata, amma ban tuna wadda na fito ina gumi irin wannan ba. Kwana biyu bayan haka muka shiga da shi ɗakin tiyata. Aikin ya tafi lafiya, ƙashin ma bai kai bushewar da yake tsoro ba. Ina murɗa na ƙarshe na ji kamar yana leƙe ta bayan kafaɗata.

Bayan mako shida ya dawo da ƙafafunsa, ba mai riƙe da shi. Ciwon ya tafi, har ya yi ƙiba. Amma tun daga baranda nake jin takalminsa na hagu yana sharar ƙasa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya nuna jakata da haɓa, ya ce a buɗe a ga aikin. Na buɗe sabon hoton, wannan karon ban ɓata ba. Ya daɗe yana dubawa, ya rufe ido ɗaya yadda suke yi in suna auna katako, sannan ya ɗora farce a kan sukurun ƙasa na hagu.

"Wanga ya ɗan karkace."

Gaskiyarsa. Karkacewar ba ta kai a yi magana ba, ba ta taɓa komai ba, abokan aikina biyu sun ga hoton ba wanda ya lura. Ni kaɗai na sani, sai kuma shi.

"Hannunka ya gaji nan," ya ce. "Ba komi, shina riƙewa. Shi na yah hana ƙahwag ga tashi?"

Da na ce e, da ya yarda, da kuma ya fi mini sauƙi, don laifin hannu kowane mai sana'a ya san shi. Na ce a'a. Na ce jijiyar ce ta daɗe a danne, da an yi aikin tun zuwansa na farko, da wataƙila ƙafar ta tashi. Na ce makonnin nan bakina ne ya cinye su, da kalma ɗaya da ban tsaya na auna ba. Kunya ta kama ni ƙwarai, na kasa duban 'yarsa.

Ya murza gemu.

"Kai kac ce ƙusa, ni ko ban tambaya ba. Ni ma ina da baki." Ya dubi ƙafar. "Tsani hwa, Likita? Ina iya hawa?"

Na so in ce sai mun gani. Amma ƙafar da ba ta ɗaga kanta ba ta riƙe matakala, shi ma ya san haka, so yake ya ji daga bakina.

"A'a, Baba. Ban da tsani."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Ya sa hannu ya rufe mini kwamfutar a hankali, ya ce wa 'yarsa ta je ta tsayar da keke, akwai wani maƙwabcinsu da ke jiran ya warke ya ɗaura masa rufi, gara a gaya masa yau ya nemi wani.