Yadda Baba Ya Naɗe Murar Djougou

Shekarar da na fara aikin jinya a Djougou, lokacin da gwamnatin juyin juya hali ta sa ake kiran kowa kamarad har da mai gyaran keke, mura ta kwantar da rabin gari. Likitanmu ya ce a goge maƙogwaron masu ita da auduga, a saka a ƙananan kwalabe, a kai ɗakin gwaji a Parakou don a san irinta. Ni aka ɗora wa aikin. Na sha amai da zagi kafin na cika kular ƙanƙara, kowace kwalba da takardar sunan mai ita.

Motar asibiti ba mai. Babana kuwa zai kai goro Parakou, shi da tun kakanni ba a san kaya ya lalace a hannunsu ba, kuma ba ya bari a manta. Na ba shi kular, na roƙe shi kada ya buɗe ta.

"Ke za ki koya mini riƙon kaya?" in ji shi.

A hanya ya ji ruwa na motsi a ciki. A ganin ɗan goro, kayan da aka rufe babu shan iska sun gama yawo. Ya buɗe, ya zubar da sauran ƙanƙarar, ya naɗe kowace kwalba a ganyen fita, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure tamau kamar huhun goro. Mai gwaji ya rubuto wa likita cewa ɗaurin ya yi kyau, amma takardun sun jiƙe sun saluɓe, abin da ke ciki kuma zafi ya kashe shi.

Baba ya dawo yana fara'a. "'Yar nan, da kin yi asara! Allah ya sa na duba. Ko ɗaya ba ta fashe ba."

Na buɗe baki in faɗa masa ɓarnar da ya yi, sai na ga yadda yake gyara hula yana jiran godiya. Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Washegari na ce wa likita ni na manta ƙara ƙanƙara, ni kuma na ce a naɗe su a ganye. Aka tsayar da ni gaban ma'aikata, aka kira ni kamarad mai sakaci, na koma bin maƙogwaro daga farko.

Shekara goma sha ɗaya Baba yana ba baƙi labarin ranar da ya ceci kayan gwamnati, ni ce kuma shaidarsa. Duk sanda ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba?" sai in ce haka ne.