Ranar da Anacleto Ya Buga Ƙararrawar Manya

Anacleto Bezerra ya yi shekara bakwai a makarantar horar da limaman coci a birnin Recife, ya sha Latin har ya ƙoshi, sannan aka sallame shi saboda yawan tambaya. Ya dawo garinsu cikin gonakin rake na jihar Pernambuco da akwatin littattafai. Ya yi aure, ya riƙa koya wa manya karatu a rumfar coci, aka kuma damƙa masa igiyar ƙararrawa, wai kada iliminsa ya tafi a banza.

Kiɗa biyu ne a ƙararrawar nan. In babba ya mutu, a buga ɗaya-ɗaya a hankali, maza su cire hula. In jariri ne kuwa, sai a kaɗa ta da sauri kamar ranar biki, don an ce ƙaramin mala'ika ne ya koma gida. Uwa ma ba ta kuka. Tsofaffi sun ce hawayenta zai jiƙa masa fuka-fuki ya kasa tashi sama. Sai ka ga mace tana cizon leɓe, tana jera furanni a ɗan akwati shuɗi, maƙwabta na yi mata barka.

Shekara goma sha tara Anacleto yana kaɗa wannan kiɗan murna, wani makon har sau huɗu. Ya lura hannunsa ya fi gajiya a watannin matsar rake, lokacin da masana'antar sukari ke juye dagwalonta a kogin da gari ke sha. Kifi ya taso ciki sama, ruwa ya yi wari, yara su kama gudawa. Ya kuma lura ba a taɓa sa shi ya kaɗa wa jaririn gidan mai masana'antar ba. Ashe 'ya'yan talakawa kaɗai Allah ke ɗiba aikin mala'ika?

Sai ya kama rubutu. Ƙananan ƙasidu ne a takarda mai arha, yana rataye su a igiya ranar kasuwa kusa da masu garin rogo. Bai bar addininsa ba, da ayoyin Linjila ma yake faɗan. Ya rubuta cewa Almasihu bai taɓa yi wa uwa barka da mutuwar ɗanta ba, kuma duk wanda ya hana ta kuka ya hana ta tambayar abin da ya kashe shi. Ɗalibansa suka karanta wa sauran mutane, aka gyaɗa kai, aka ci gaba da binne yara da murmushi. Wannan ne ya fi cin ransa.

Fada Honório, limamin cocin, wanda kujerarsa ba ta hucewa a teburin mai masana'anta kowace Lahadi, ya kira shi ya ja masa kunne. Ya ce an ba shi ƙararrawa ne ya kaɗa, ba ya yi mata sharhi ba, kuma in ya sake ƙetare iyaka, to ya ajiye makullin hasumiyar ƙararrawa, har da na rumfar karatun.

A watan Nuwamba, ana tsakiyar matsar rake, jikansa ya rasu bayan gudawar kwana uku. Uwar yaron, 'yarsa Creuza, ta same shi da safe a gindin hasumiya, idonta a bushe ƙamas.

"Baba, na san abin da ka rubuta, ni nake ɗinke maka takardun," ta ce. "Amma yau ba na son ilimi. Ka kaɗa masa irin ta kowa, in samu abin riƙewa."

Ya hau matakala. In ya bi maganarta, ya sake sa hannu a ƙaryar da ta cinye yaran garin. In ya ƙi, ya ƙwace wa 'yarsa abu ɗaya da ya rage mata, ya kuma rasa makarantarsa. Ya kama igiya, ya buga ɗaya, ya jira, ya sake buga ɗaya.

Masu yankan rake suka ajiye adda suka cire hula. Shaguna suka sakaya ƙofa, jama'a suka cika dandalin coci suna tambayar wane babba ne ya faɗi. Har direba aka aiko daga gidan mai masana'anta ya jiyo. Fada Honório ya fito yana huci.

"Anacleto, ka haukace ne? Wa ya mutu?"

"Valdemar dos Santos, ɗan wata huɗu," ya amsa daga sama, yadda kowa zai ji. "Mutum ne, Fada, ba tsuntsu ba. Da ruwan kogin nan aka dama masa kunu."

Da Creuza ta ga maza fiye da ɗari tsaye ba hula saboda ɗanta, kukan da ta danne ya ƙwace mata. Wata tsohuwa ta kai hannu za ta toshe mata baki, sai Zulmira mai wanki, wadda ta binne 'ya'ya biyar ba ta zubar da ɗigo ba, ta make hannun, ta fara kiran sunayen nata ɗaya bayan ɗaya.

Anacleto ya sauko ya miƙa wa Fada makullan biyu tun kafin a tambaye shi. Daga ranar har ya tsufa, a gindin mangwaro ya koyar, bai kuma daina rubutu ba. Amma abin da ya bi shi har kabari shi ne lokacin da ya isa gaban 'yarsa ranar nan, ta ɗago fuska sharkaf da hawaye.

"Ka karɓe mini mala'ika, Baba," ta ce. "Ka bar ni da gawa."