Sabis ɗin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, direba ne a wani kamfanin fenti. Shekara ashirin da tara ya yi yana tuƙa mai kamfanin, da mutumin ya rasu ya ci gaba da tuƙa ɗansa. Bai yi boko ba, amma akwai kalmar Turanci ɗaya da ba ta barin bakinsa: sabis.

Da farko ta mota ce. Duk wata sai ya kai ta gareji a juye mai, a canja filta, yana tsaye a kan bakanike har a gama. Daga baya kalmar ta koma kansa. Ranar da matarsa ke naƙudar fari aka aiko ya je filin jirgi ɗauko baƙo. Ya sa hula zai fita, mahaifiyata ta tare ƙofa.

"Yaya, yanzu fa?"

"Ina cikin sabis. Ke ba za ki gane ba."

Da idonsa ya fara hazo sai ya ɓoye, har ranar da ya goga motar a jikin get. Aka karɓi makulli. Ni na raka shi ofis neman takardar asibiti, don kamfanin kan yi wa ma'aikatansa aikin ido. Akawun ya daɗe yana duba kwamfuta.

"Baba, ai ba ka cikin sabis."

"Ban gane ba."

"Da baki marigayi ya ɗauke ka. Direban gida ne kai, ba na kamfani ba."

Kawu ya yi dariya, ya ce kuskure ne. Ya sa na kira masa mai kamfanin, wanda shi da kansa ya koya wa tuƙi.

"Ranka ya daɗe, ni ne..."

"Baba Direba? Halo? Sabis ba kyau, zan kira ka."

Ni dai na ji muryarsa tangaran, har ƙarar cokali a kofi. Kawu kuwa ya yarda. Sati biyu yana fita bakin titi da waya a ɗage sama, wai ɗakinsa ne ba sabis. Na kasa faɗa masa. Matarsa ce ta faɗa, rannan tana shanya.

"Malam, shigo ka zauna. Layina ɗaya da naka, kuma sau uku ƙanwarka ta kira ni yau."

Ya shigo, ya miƙa mata wayar, ya ce ta ba duk wanda ke so.

A asibitin gwamnati aka yi aikin, bayan wata bakwai ana bin layi. Ido ɗaya aka ceto. Wani maƙwabci ya samo masa gadi a shagon tayoyi, ya ƙi, ya ce ya gama yi wa kowa aiki. Yanzu yini yake a benci a ƙofar gida, ba ya yawan magana.

Kwanaki kamfanin ya aiko masa da kalanda. Matarsa ta yayyaga ta, ta shimfiɗa a ƙasan kejin kaji.