Makokin Ba'amurke a Gyaɗi-Gyaɗi

A cikin dukan abin da Bakano ya ƙirƙira don amfanin ɗan Adam, har da rini da jima da ciniki, ban ga wanda ya kai tabarmar ƙofar gida iko ba. Hukuma sai ta yi shela a rediyo, ta zagaya da mota mai lasifika, kafin ta tara mutanen da za su cika rumfa. Tabarma kuwa a shimfiɗa ta kawai da hantsi, a ajiye buta a gefe, mutum ɗaya ya zauna ya sunkuyar da kai. Mai keke zai sauka, mai talla zai sauke farantinsa, mai gaggawa zai manta da gaggawarsa. Kuma ladabin abin shi ne ba a tambaya daga tsaye. Sai ka tsuguna, ka yi addu'a, ka shafa, ka sami wuri, sannan ka karkata ga na kusa da kai ka ce masa a hankali, wa ya rasu?

Na ga wannan iko da idona a shekarun saba'in, lokacin Gyaɗi-Gyaɗi tana bakin gari, tsakaninta da Tarauni gonaki ne da 'yan hanyoyin keke. Ina koyarwa a wata firamare, ina zaune a gidan mahaifinmu tare da yayana.

Yaya ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kama sunansa ba. “Wancan” yake ce masa, in da ni yake magana kuma “yayanka”. Gwamnati ce ta tura shi Amurka koyon aikin ruwa. Ya tafi da surutu, mutum ne da in ya fara labari sai tuwo ya huce a gabansa. Ya dawo da akwati, da wata rigar sanyi mai nauyin bargo, da shiru. Ya je ofis na 'yan watanni, daga nan ya daina, ba tare da ya yi faɗa da kowa ba. Ya shiga ɗakinsa da rediyo ya tura ƙofa. Masu tambaya Baba yakan ce musu nazari yake yi, in suka matsa ya ce zazzaɓi ne.

Matarsa 'yar wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a Tarauni. Da cikinta na fari ya tsufa, aka mai da ita gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Ta haihu namiji, aka yi suna, ta gama wanka, aka yi arba'in, ba a dawo da ita ba. In Baba ya aika, Alhaji ya ce sai ta ƙara ƙwari. In ya sake aikawa, sai a ce bari ruwa ya ɗauke. Ba wanda ya furta kalmar da kowa yake tsoro, amma mun san magana ta tsallaka gonaki ta isa Tarauni: surukin nan naku fa kansa ba daidai ba. Ɗakinta yana nan a gidanmu da gadonta da jerenta, Inna tana shiga tana goge kwanoni. Dawowar yarinyar nan da jaririnta ita ce addu'ar gidanmu safe da yamma.

Wata rana na taso daga makaranta, tun daga nesa na hango kekuna jingine a bangonmu. Tabarmi ne a shimfiɗe, mutane a jere, Yaya a tsakiya da farar riga da hula, shi da ya yi watanni ko zaure bai leƙa ba. Na bi fuskoki ina neman wanda babu. Sai Baba ya yafuto ni daga cikin zaure, ya ja ni bayan ƙyaure.

“Kai malamin makaranta,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “wa ya mutu mana?”

“Baba, ni za ka tambaya?”

“Na dawo daga kasuwa na tarar ana yi mini gaisuwa. Na amsa, yaya zan yi? Je ka tambayi yayanka.”

Na je na raɓa kusa da Yaya. Ya faɗi wani suna da ban taɓa ji ba, ya ce ɗan ƙwallo ne, Ba'amurke, da safen nan ya ji a tashar Turanci da yake kamawa. Ya ce ciwo ne ya ɗauke shi, ko furfura bai yi ba. Idanunsa sun yi ja. Ya faɗa mini kamar yadda ake faɗa wa ɗan'uwa rasuwar kawu, yana jiran in yi salati. Na yi.

Na koma na kai wa Baba labari. Lissafin a fili yake. In ya sa a naɗe tabarmi, kafin magariba unguwa ta gama sanin ɗansa ya yi zaman makokin mutumin rediyo, washegari kuma Tarauni ta ji. In ya bari, ya zauna ke nan yana karɓar gaisuwar da ba tasa ba, shi da ko a ciniki ba a san shi da ƙarya ba.

“Musulmi ne?”

“Ba na jin haka, Baba.”

“Rai dai ya fita ko?”

“Ya fita.”

“To ba mu ce namu ba ne. Mu dai kada mu ce komai.” Ya gyara hula ya fita ya zauna.

Haka aka wuni. Duk wanda ya karkata ya tambaya, sai a ce masa wani na Yaya ne a can ƙasar waje, Allah sarki, mutuwa ba ta san nisa ba. Direbobin unguwa suka zo, leburori suka zo da ƙurar siminti a ƙafa, maƙwabcinmu bakanike mutumin kudu ya zo ya cire hula ya ce a yi haƙuri. Mata suka cika tsakar gida, Inna ta ɗora tukunya tana hawaye, hawayen da ba na baƙon ba ne. Da liman ya iso ya ɗaga hannu, na ga Baba ya riƙe numfashi. Liman ya ce Allah ya jiƙan Musulmi baki ɗaya, ya ba mu haƙuri. Baba ya ce amin da ƙarfi, ya saki ajiyar zuciya. Addu'ar ta san masu ita, ba za ta ɓata hanya ba.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne labarin mutuwa ya fi labarin hauka sauri. Bayan la'asar sai ga Alhaji na Tarauni a kan kekensa, da ƙullin gero a ɗaure a baya. Suruki ba ya jin an yi rasuwa ya zauna. Aka buɗa masa wuri, ya yi addu'a doguwa, ya shafa, ya dubi Baba.

“Malam, wane ne ya riga mu?”

“Wani abokin arzikinsa ne, a can inda ya yi karatu.”

“Ba abokina ba ne, Baba,” in ji Yaya. “Bai san ni ba.”

Kowa ya juyo ya dube shi. Amma Yaya ya tsuguna gaban surukinsa yadda ya kamata, ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki, sai ga tsohon Yaya ya fito, mai sa tuwo ya huce.

Ya ce ƙwallon can ba irin tamu ba ce. Doguwa ce kamar gwanda, kuma runguma ake yi a gudu da ita. 'Yan wasan da hular kwano, kafaɗu an cusa musu kamar matashin kai.

“Da hannu?” in ji wani direba. “To ai wannan sata ce, ba ƙwallo ba.”

“In ka ɗauka, ƙarti ne za su bi ka su kayar, su hau kanka.”

“Duka?”

“Duka. Kamar an kwance igiya buhunan gyaɗa sun zubo daga mota.”

“Alƙalin wasan fa, yana ina?”

“Yana tsaye yana jira su gama.”

Aka yi 'yar dariya irin ta makoki, wadda ake haɗiye rabinta. Alhaji bai yi ba. Ya bari ta lafa, sannan ya tambaya da taushin murya, irin ta mai auna hatsi yana duban ƙwaya.

“Kun taɓa gaisawa?”

“A'a, Baba. A akwatin talabijin nake ganinsa, ran Lahadi.”

“Ya taɓa aiko maka da wani abu?”

“A'a.”

“To me ya yi maka, ɗana?”

Yaya ya ce a garin da aka kai shi, sai mutum ya yi mako ba a ce masa sannu ba. Ka haɗu da maƙwabcinka a ƙofa, ya dube ka, ya wuce. Nan fa tabarma ta ɗauki salati. Wannan ya fi girgiza su fiye da ƙartin. Ya ce rana takan faɗi tun kafin la'asar ta yi kyau, sanyi ya shiga haƙori, ya kwanta yana jin ba zai iya kai ƙafarsa ƙasa ba gobe. Ran Lahadi sai ya sauka ɗakin da ɗalibai ke kallo, ya zauna a baya. Mutumin nan, baƙi ne kamar mu, a kayar da shi a danne, har ka ce an gama da shi. Sai a ɗaga masa, ya dafa ƙasa, ya miƙe. A sake ba shi ƙwallon, a sake danne shi, ya sake miƙewa.

“Sai in ce, to, in wannan ya tashi, ni ma gobe zan tashi in je aji. Haka na yi ta yi har na dawo. Yau an ce ya kwanta.”

Ya sa haɓar riga ya rufe fuska. Tun yarinta ban ga Yaya ya yi kuka ba. Wani tsoho ya tambaya ko mamacin ya bar iyali, Yaya ya gyaɗa kai, tsohon ya ce Allah ya raya abin da ya bari, aka amsa da amin, kuma ba na jin akwai amin ta ƙarya a ciki. Na karanta littattafai da dama a kan baƙin ciki, na Larabawa da na Turawa, wasu ma na koyar da su, amma ban taɓa jin an yi wa mamaci shaida mai tsabta kamar wannan ba, daga bakin mutumin da ba ya bin sa komai, a gaban mutanen da ba sa iya faɗin sunansa.

Alhaji ya jira kukan ya tsagaita. Ya miƙa hannu ya taɓa gwiwar Yaya.

“Yaron nan naka fa ya fara rarrafe. Jiya har bakin rijiya aka tsinto shi.”

“Madalla,” in ji Yaya. Ya share ido, ya juya ga direban nan ya ce ya manta bai gaya masa ba, akwai ranar da mutum uku suka rataye a jikin mutumin, ya ja su har ya ci ƙwallo.

Alhaji ya dube shi, ya dubi Baba. Baba yana duban tabarma. Sai Alhaji ya tashi, ya kwance ƙullin geron ya miƙa mini, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya kyautata tamu in ta zo. Baba ya raka shi har bakin hanya, na ga suna tsaye suna magana, sannan ya dawo ya koma kan tabarma.

Da yamma muka zauna muna fassara kalma ɗaya, “madalla” ɗin nan ta Yaya, ni da Inna. Ta ce kunya ce: wane ɗa mai tarbiyya ne zai washe baki a kan ɗan farinsa a gaban suruki? Shi kansa Baba ai har yau bai kama sunan Yaya ba. Na ce haka ne, Inna, na ƙara mata da hujjoji irin na masu allo da alli. Na ce ciwon da ya sami bakin fita ya kama hanyar warkewa. Na ce Alhaji mutum ne mai hankali, ya ga surukinsa ya yi magana tiryan-tiryan a gaban jama'a, ba gargada, ba sambatu. Mai taɓin hankali ba ya tsuguna daidai. Kuma ga shaida a gabanmu: Yaya ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari. Inna ta ce in Allah ya so wannan baƙon da ya mutu ya zame mana sanadin alheri. Washegari da sassafe ta shiga ɗakin surukarta ta share, ta kakkaɓe gado, ta sa turaren wuta.

Baba kaɗai bai shiga lissafin ba. Da na ce masa ai kunya ce, sai ya ce, “Mai kunya yana ji, ba ya dai amsawa.” Ya ɗauki butarsa ya fita.

An yi zaman har sadakar uku, saboda an riga an fara, kuma ba wanda ya san yadda ake tsayar da makoki a tsakiya. Aka raba waina, liman ya sake roƙon Allah ya jiƙan Musulmi baki ɗaya, Yaya da kansa ya naɗe tabarmi ya jingine su a zaure, ya yi wa kowa godiya ɗaya bayan ɗaya.

Ran Asabar aka aiko amalanke daga Tarauni, aka kwashe kayan ɗakin matar Yaya.