Ƙanen Da Ofis Ya Haifa Mini

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yanzu sai in yi ta neman carbina alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai abu ɗaya da ba zai taɓa fita raina ba har in koma ga Allah: shekarar da na je wani ofishin hukuma a nan Makka neman takardar ubana, na dawo gida da ƙane mai gemu.

A unguwar Tandabawi aka haife ni, lokacin da gidajenmu na 'yan Takari rabinsu dutse ne, rabi gwangwanin kananzir da aka farke aka daddake. Mahaifina daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa, ya sauke farali, ya yi zamansa. Ya rasu ina saurayi, ya bar ni da Inna da ƙanwata. Sana'ata ga-ruwa, gwangwani biyu da sanda a kafaɗa, in hau dutse in sauko. Bayan babban yaƙi ya ƙare, motoci suka fara korar raƙuma daga hanyar Jidda. Na koyi tuƙi wajen wani Basudane, aka yi mini alkawarin motar alhazai in har na kawo tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Ita kuwa ba a bayarwa sai ka kawo kwafin shaidar cewa ubanka ya daɗe a garin, daga tsofaffin daftarorin da aka taɓa rubuta mazauna unguwanni a ciki. Da aka gaya mini haka har na yi murna, wai abu ya zo da sauƙi. Ƙuruciya ke nan.

Umda, mai unguwarmu, ya buga mini hatiminsa. Wani mai rubuta wa mutane takardar roƙo a bakin ƙofar ofishin ya tsara mini Larabci mai nauyi, ya yabi hukuma ya yabi kakanninta, aka manna kan sarki, na shiga. Afandin da ke ƙasa, wato ma'aikacin ofis, ya tura ni wurin Afandin da ke sama. Na sama yana shan shayi. Ya karɓi takardata da yatsa biyu, ya ɗora kofin a kanta don kada iska ta ɗauke, ya ce, “Bukra.” Larabci yarena ne, a cikinsa na girma, na kuma san bukra gobe take nufi. A ofishin nan ne aka gyara mini karatu. Da na koma washegari aka ce mabuɗin ɗakin daftarori yana hannun mutum ɗaya, mutumin kuwa ya hau Ɗa'ifa shan iska, don zafin Makka bai dace da lafiyarsa ba. Da lafiyarmu ya dace, mu da aka bari kan benci. Kafin ya sauko azumi ya kama, aka ce ai ba a wahalar da mai azumi da tonon ƙura. Aka sha ruwa, alhazai suka fara shigowa, aka ce yanzu kuma wa ke da lokacin matattu ga baƙin Allah sun cika gari?

A kan wannan benci na san wani dogon mutum mai gemu, mai sayar da tsire a bakin hanya. Iyayensa mutanen ƙasar Sakkwato ne, ta Sudan suka biyo, su biyun kuma sun rasu. Ranar farko ya dube ni ya ce, “Kai kuma mi kaka biɗa nan?” Na ce takardar ubana. Ya ce, “Awo, ni ma ita nika biɗa. Zamna, wuri na nan, ba inda za mu.” Shi rumfa yake so a kasuwa da izinin hukuma, don ya gaji da gudu da tire a kai duk lokacin da masu kora suka ɓullo. Muka saba. In na zo da burodin tamis sai mu raba, in ya zo da ragowar tsire sai mu cinye.

Bayan an watse daga Hajji, mai mabuɗi ya bayyana, ya yi ƙiba ya yi haske. Aka sauko da daftarin unguwarmu. Ashe wata ambaliya da ta taɓa gangarowa daga duwatsu ta riga mu karanta shi. Shafukan sun manne sun zama kamar bulo, abin da ruwa ya rage kuma gara ta yi walima da shi. Afandin sama ya riƙa ɓamɓare shafi da wuƙar yanka takarda yana tsaki, har ya kai inda rubutu ya tsira. Ya karanta sunan mutum da sunan ubansa.

Na miƙe na ce, “Ubana ne!”

Dogon nan ma ya miƙe ya ce, “Ubana na!”

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Sunan da rabin mazan unguwarmu ke amsawa ne, sunan kakan ma haka. Afandi ya ce mu yi shiru, siffar mutumin za ta raba gardama. Ya karanta: baƙi, matsakaicin tsawo, akwai tsaga a fuskarsa, sana'arsa aikin ƙarfi, Takaruni, wato ɗan Takari. Kai ka ji siffa. Da wannan bayani in ka tsaya a bakin masallacinmu bayan la'asar, sai ka kama liman da ladan da duk sahun gaba.

Afandi ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi dogon, ya leƙa taga ya ga rana ta take. Sai ya ce, “Halas, magana ta ƙare. Ku 'yan'uwa ne.”

Na ce, “Ya Afandi, a nan kan bencinka na fara ganin mutumin nan.”

Ya ce, “To ka gode wa Allah da ya haɗa ku. Daftari mutum ɗaya ya sani. Ko ku duka 'ya'yansa ne, ko ba ɗansa ko ɗaya a cikinku. Ku zaɓa, abincina yana hucewa.”

Muka koma gefe muka yi shawara. Ba wanda aka ce ya rantse da wani uba. Kowa sunan ubansa na gaskiya zai faɗa, abin da Afandi ya gina a kai kuma tsakaninsa da alƙalaminsa. Ga kafaɗata ta yi kanta, ga mota tana jira. Muka dangwala yatsa. Da aka zo kan wane ne babba, Afandi ya ce ni, saboda takardata ce a ƙasan tari. Mutumin da ya girme ni, ya kuma fi ni tsawo da kai guda, ya zama ƙanena kafin azahar.

Na ja shi gida don Inna ta ji da kunnenta. Tana suyar ƙosai a tsakar gida ta saurare mu har ƙarshe, ta auna shi da ido daga takalmi zuwa rawani, ta ce, “Sannunka da aiki. Na aike ka neman takarda, ka dawo mini da ƙato. Wannan haihuwa ta zo da sauƙi, ko naƙuda ban ji ba.” Sai ta tambaye shi inda yake kwana, ya ce bayan murhun tsirensa. Ta zuba masa ƙosai ta tura gabansa, ta ce, “Tun da hukuma ta ce ni na haife ka, zauna ka ci.” Na ga ƙaton nan ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemu.

Tabi'iyya ta fito mana mu biyu. Na hau mota, shi ya sami rumfarsa. Kullum da yamma yana gidanmu, ya gyara rufi, ya ɗebo ruwa, ya kawo wa Inna nama. Amma Inna ba ta yarda ƙanwata ta zauna gabansa ba mayafi ba. Ta ce ƙanen takarda ba muharrami ba ne. Sai na lura duk ranar da zai ci abinci a gidan, ƙanwata takan ɗanɗana miya ta sake ɗanɗanawa, ta ce, “Yaya, gishirin nan ya ji kuwa?” Ni da na shekara ina cin girkinta ba a taɓa tambayata ba. Ba a daɗe ba ya turo dattawa. Aka tambaye ta, ta rufe fuska tana dariya. Kowa ya yi murna, ba wanda ya tuna da Afandi.

Ranar ɗaurin aure an yanka rago, an dafa shinkafa, unguwa ta cika tabarmi. Ma'azun, malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure da rubuta shi, ya buɗe littafinsa ya ce ango da waliyyi su miƙo takardunsu. Ya duba tawa, ya duba tasa, ya sake duba tawa. Uba ɗaya, kaka ɗaya, shafin daftari ɗaya. Ya rufe littafin da ƙarfi ya ce, “A'uzu billahi! A Makka, kusa da Ɗakin Allah, za ku sa ni in aura wa mutum ƙanwarsa?” Dattawa suka taso da bayani, kowa na cewa ya san iyayen. Ya ce shi bai san kowa ba, takarda ya sani. Ya naɗe rigarsa ya fita. Jama'a suka jajanta mana ƙwarai da gaske, suka cinye ragon tas, suka watse. Daga cikin ɗaki ina jin kukan ƙanwata. Kafin gari ya waye labari ya kai unguwar Utaibiyya, kuma a can an riga an ƙara masa gishiri.

Muka koma wurin Afandi. Na ce muna roƙon takardar da ke nuna mu ba 'yan'uwa ba ne. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, “Mu kwafin abin da ke rubuce muke bayarwa. Abin da babu shi, a wane daftari zan nemo muku? Ko so kuke in rubuta da hannuna cewa na yi kuskure?” Wannan kam mun san ba a taɓa yi ba tun da aka gina ofishin. Ya ce mu tafi kotu, ya ƙara da cewa shi dai ya yi mana alheri, ga sakayyar da ya samu.

Muka shiga gaban alƙali da tsoro, don ana iya ƙwace takardun duka biyu, a kuma haɗa mana da bulala. Muka kawo tsofaffin da suka sallaci iyayenmu. Suka shaida mutum biyu ne, kabari biyu, shekaru daban. Alƙali ya tambayi tsawon ubana, suka ce dogo ne sosai. Ya tambayi na abokina, suka ce gajere ne ƙwarai. Ya duba kwafin ya ga an rubuta matsakaici. Ya daɗe yana shafa gemu. Daga nan ya ce ya gamsu mu ba 'yan'uwa ba ne, aure ya halatta. Amma layi ɗaya ba zai ɗauki gida biyu ba. Dole ɗaya ya ajiye tabi'iyyarsa ya koma ya sake nema daga tushe.

Motar nan ita ke ciyar da Inna. Ina cikin lissafin abin da zan ce, sai na ji muryar abokina a kaina.

“Allah gafarta malam, a bar mishi uban. Ni matar nika so.”

Har alƙali sai da ya rufe baki da gefen mayafinsa. Abokina ya ciro takardar daga aljihu, wadda ya sha zaman benci kafin ya samu, ya ajiye ta gaban alƙali kamar wanda ya ajiye ɓawon gyaɗa. A waje na riƙe hannunsa na ce bai kamata ba, rumfarsa za ta tafi. Ya ce, “Kai kana da tsohuwa. Ni tirena na nan, ban saishe shi ba.”

Mata suka zo suna ba ƙanwata shawara, wai ta yi tunani, mutumin da ba shi da takarda ana iya kama shi kowace rana a sa shi a jirgin ruwa. Ta ce musu, “In an sa shi sai a sa ni. Ni ba daftari zan aura ba.” Aka sake yanka wani ragon, mutanen da suka ci na farko suka dawo da fuskar da ba ta san komai ba, aka ɗaura.

Rumfa ta tafi kamar yadda na faɗa. Ya koma bakin hanya da tirensa, yana gudu in an koro, ga iyali. Shekaru ya yi a haka. Sai da 'ya'yansa suka fara zuwa makaranta sannan shaidar dattawa ta isa inda za ta isa, takardarsa ta fito da sunan ubansa shi kaɗai. A tsawon wannan lokaci ban taɓa jin ya yi mini gori ba, ko da wasa, ko a ranar da muka saɓa.

Abin da na koya ke nan, shi nake gaya wa jikokina in za su ofis neman wata takarda. Ku tafi da ruwan sha da haƙuri, kada ku sa hannu kuna jin yunwa, kada kuma ku sa hannu a lokacin da ma'aikacin ke jin tasa yunwar. In ya ce ga hanya mai sauƙi don a sallame ku yau, ku yi masa godiya ku ce kun fi son mai wuyar, don sauƙin nan wani ne zai biya shi daga baya. Nawa surukina ne ya biya, da rumfarsa da shekarunsa, kuma har ya rasu bai bar ni na gama yi masa godiya ba.