Bokitin Masarar Bin Omran

Shekarun baya, lokacin ina tuƙi a wata masana'antar sinadarai, mun zauna ɗaki ɗaya a unguwar Bin Omran ta Doha da wani abokina ɗan Zangon Kumasi. Mutumin nan bai yarda Juma'a ta yi ba sai ya sha koko. Yakan sayo masara a kasuwar Abu Hamour, ya jiƙa a bokiti, ya tura bayan ƙofa.

Wani mako aiki ya riƙe shi, ga zafin Doha, masarar ta yi tsami har warin ya fita baranda. Ni da nake kwana da ita hancina ya saba, ban ji komai ba. Da safe mai gidan ya shigo, ya buɗe bokitin, ya ga kumfa, ya ja da baya.

"Khalas! Giya kuke dafawa. Zan kira 'yan sanda."

A ƙasar nan wannan zargi kaɗai ya isa a sa mutum a jirgi a mayar da shi ƙasarsu. Abokina, mai iyali a gida, ya rikice. "Wallahi koko ne ina yi, ɗan'uwa gaya mishi!" Ni kuwa Larabcina bai wuce yalla ba, da na buɗe baki sai na ƙara ɓata lamarin.

Na kira injiniyan da nake tuƙawa, dattijo ɗan Sudan, jikan Hausawa. Ya zo da jallabiyarsa, ya sunsuna bokitin, ya leƙa ƙarƙashin gado, sannan ya yi wa mai gidan bayani: giya sai da tukunya da bututu, wannan ƙullu ne kawai. Mutumin ya mayar da wayarsa aljihu, amma bai fita ba.

Dattijon ya zauna bakin katifa, yana magana da Hausa yana juya wa mai gidan da Larabci. "'Ya'yana, kun san abin da muke yi a wurin aiki? Sinadari ne da ake zuba wa fetur don ya ƙone da kyau. A Amurka ya riƙa yoyo daga tankunan gidajen mai yana shiga rijiyoyi. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata ruwan unguwa. Da suka daina amfani da shi, kun san me suka sa a madadinsa?" Ya nuna bokitin. "Masara. Su bar ta ta yi tsami, su tace, su zuba a fetur."

 Ni ɗan manomin masara ne, na nome ta, na ɓare ta, na ci tuwonta har na gaji. Ban taɓa tunanin akwai ƙarfin tura mota a cikinta ba, balle ta kare wa mutane ruwan sha. Na tuna rijiyar mahaifiyata da aka daina sha tun da aka gina gidan mai a bayanmu. Sai na ji kaina ina ta Allahu Akbar a hankali.

Abokina ya dubi bokitin ya ce, "Ka gani? Abin da ya so ya mayar da ni Kumasi, shi ke tuƙa Amurka."

Har yau in na ga gonar masara sai na rage gudu. Ranar kuwa abokina ya niƙa ƙullun, ya dama kokonsa. Kofin farko mai gidan ya miƙa wa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sake miƙo kofin.