Malama mai agogo

Shekarar da iska ta kwashe rufin ajinmu na yaƙi da jahilci, muka koma ɗaukar darasi a gindin dogonyaro, a shekarar ce aka turo sabuwar ma'aikaciya ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can gefen Dandin Mahe. Daga inda muke zama ana hango barandarta, sai ya zamana rabin idonmu yana kan allo, rabi yana kanta.

Idan aka kawo mata yaro mai tari, sai ta sa uwar ta ɗage masa riga, ta zuba wa ƙirjinsa ido, ta duba agogon hannunta, ta yi tsit. Bayan nan sai tambaya kamar alƙali: yaushe ya fara, yana shan ruwa, me ya ci jiya. Ƙarshe ta ba da ƙwayoyin da ake jiƙawa a cokali, ta ce a dawo jibi. Allura kuwa sai an daɗe ba ta yi ba. Ni na fara cewa lokacin tashi daga aiki take dubawa, kuma ni na raɗa mata malama mai agogo. Da malaminmu ya juya baya sai in ɗage rigar dattijon da ke kusa da ni, in ƙura wa hannuna ido, alhali ko zare babu a hannun, balle agogo. Aji ya ɗauki dariya.

A bakin titi akwai wani ƙaramin asibiti mai sabon fenti. Mutumin can ba ya ɓata wa kowa lokaci. Kafin ka gama sallama ya cika sirinji. Yaro ya tsala ihu, uba ya ji a ransa an yi aiki.

Ana tsakiyar dashen albasa ɗiyata mai shekara biyu ta kama tari da zazzaɓi. Mai ɗakina ta ce mu kai ta wurin malama, tunda ga ta nan kusa. Ni kuwa na tuna 'yan ajinmu suna gindin dogonyaro, za su gan ni da yarinya a kafaɗa ina hawa barandar nan. Na ce ai tari irin wannan sai allura. Na tari ɗan kabu-kabu muka bi ta bayan gari.

Mutumin bakin titi ya taɓa goshinta, ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ko rigarta bai ɗaga ba. Kwana uku muna zuwa, allura uku. Ran na huɗu da hantsi yarinya ta ƙi ko ruwa, ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa duk numfashi. Mai ɗakina ba ta sake neman shawarata ba, ta saɓe ta, na bi bayanta ta gaban aji. 'Yan ajinmu suka bi ni da kallo. Tsiyar kuwa sun ajiye mini ita sai daga baya.

Malama ta ɗage rigar, ta duba agogo. Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba.

“Malam, numfashinta nika ƙirgawa,” in ji ta, ba tare da ta dube ni ba. “Na san sunan da kas sa min. Wanga ciwo ya wuce ƙwaya, ku tai Bodinga yanzu.”

Ta yi mata allura ɗaya ta riƙon hanya, ta rubuta takarda. A cikin mota na yi ta juya takardar, kalmar Bodinga kaɗai na iya karantawa.

A babban asibiti aka ba mu gado, aka sa mata robar iska a hanci. Likita ya ce limoniya ce, wato ciwon huhu, kuma da an ƙirga numfashin tun ranar farko, da a gida za ta sha maganinta ta warke. Mai ɗakina ta dube ni, ni kuma na sami abin kallo a jikin bango.

Allah ya sa muka dawo da ita da rai. Kwananmu takwas a can. Fangalin albasa goma sha ɗaya suka bushe saboda ba mai ban ruwa, tunkiya ɗaya ta tafi kasuwa, darasi shida ya wuce ni, yarinyar da ke gudu a tsakar gida kuma ta koma goyo har wata guda.